Sunan Jan Kifi

Talata, 5 ga Nuwamba, 1895, da hantsi

Na yar da Hendry a ruwa.

Shekara shida ke nan ina goya mijina daga bakin yashi zuwa jirgi, kamar yadda kowace mace a ƙauyen nan take goya nata, ban taɓa bari ko dugadugan takalminsa sun jiƙe ba. Mu mata mu jiƙe mu koma gaban murhu, su kuwa wuni za su yi a teku da abin da ke jikinsu. Yau da asuba, saura taku huɗu mu kai, sai ga mu duka biyu a cikin ruwa, shi har ƙirji.

Maza suka kwashe da dariya. Jinsie, matar Alick mai jirgin, tana gefena da nata ƙaton a baya, ta ce, "Ke 'Yar Kogi, yau kuma wanka kika yi masa? Ai da kin zo da sabulu!" Inna, mahaifiyar Hendry, ta ƙwala masa kira daga tudu, wai ya zo ya sake kaya. Ya ce, "Haba Inna, wa ya taɓa komawa gida bayan ya fito? Kafin azahar mun dawo." Alick ma ya ce ruwa na janyewa, ba ya jiran kowa. Hendry ya hau, ya zazzage takalmansa, ya juyo ya dube ni kamar zai ce wani abu. Aka ja jirgi.

Kowa ya ɗauka santsi ne. Na bar su a haka.

Talata, da la'asar

Ba su dawo ba. Iska ta juya arewa.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da safe

Sauran jiragen uku sun shigo jiya kafin duhu, da ƙyar. Na Alick shiru. Teku ya yi fari fat, ba ka ganin inda ya rabu da sama. Inna na tsaye a kusurwar gida tun wayewar gari, mayafinta a ka. Ni kuma na zauna na ɓare ƙumba, na sa wa ƙugiyoyi nama kaf, igiya guda cur, don hannuna ya sami abin yi. Wa zai jefa ta? Ban sani ba.

Ba santsi ba ne. Gara in faɗa wa littafin nan, tunda shi ba shi da baki.

Magana na yi. Na kira jan kifi da sunansa na gaskiya, ƙafafuna a cikin teku, mijina a bayana. Na sani sarai ba a yi. Tun makon aurena aka koya mini: alade mai gurnani ne, limamin coci mai baƙar riga ne, wancan kuma jan kifi ne. Wanda ya ji an yi suɓutar baki sai ya ce "Ƙarfe mai sanyi!" ya cafki ƙarfen da ya fi kusa. A cikin ruwa kuwa babu ƙarfen da ya fi kusa da ƙusoshin dugadugan takalmi. Ina rufe baki na ji ya sandare. Hannunsa ya saki wuyana ya yi ƙasa, ya murɗe jiki. Bai kai ga dugadugan ba muka faɗi. Ko kiran bai samu ya yi ba.

Ba zan rubuta sunan a nan ba. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da azahar

Suna raye! Duk su biyar. Mai kai wasiƙa ya kawo labari.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da yamma

Iska ce ta kora su gabas, suka yi wuni da kwana a ruwa kafin su sami mashiga a wani gari mai nisa. Yau suka iso a keken doki. Huɗu sun diro da ƙafarsu suna ba da labari kowa na katse ɗan'uwansa. Hendry sai da Alick ya riƙe shi.

Yana rawar sanyi har haƙoransa na ƙara. Ya ce mini, "Eppie, kada ki yi wannan fuskar, mura ce." Na cire masa rigar ulun da na saƙa masa, har yanzu da danshi a hammata. Alick ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya ce da Inna, "Mu ruwan sama ya jiƙa mu daga waje. Shi tun daga gida a jiƙe yake." Bai dube ni ba. Da ya dube ni ma da ya fi mini sauƙi.

Inna ta ce, "Kowa na faɗuwa, Alick. Ni sau biyu na yar da ubansa." Ƙarya take yi, na sani, duk ƙauyen nan an san ƙafar Inna. Saboda ni ta faɗa. Alherin matar nan zai kashe ni.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da safe

Jikinsa zafi rau. Tari. Na yi amai sau biyu a bayan rumfa, babu wanda ya gani.

Litinin, 11 ga Nuwamba, da la'asar

Likita ya zo a kan doki, ya kara kunne a bayan Hendry, ya ƙwanƙwasa haƙarƙarinsa kamar mai sayen ganga. Ya ce sanyi ya kama huhun dama. A riƙa ɗora masa ƙunshin gari mai zafi a ƙirji, a ba shi ruwa, a jira kwana na bakwai ko na tara, ranar ne ake sanin inda ciwon ya nufa. Na ce, "Likita, me ya kawo shi?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Baiwar Allah, mutum ya kwana a teku da jiƙaƙƙun kaya a watan nan, tambaya kike?"

Shi bai san abin da ya jiƙa kayan ba.

Da ya tafi, Inna ta cusa tsohon takalmin doki a ƙarƙashin matashin Hendry. Ko ta sani ne? Na ce, "Inna, na mene ne?" Ta ce, "Ba na komai ba. Ƙarfe dai ba ya cutarwa."

Talata, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Mako guda.

Abin da ke cin raina shi ne, a gidanmu sunan nan abinci ne. Baba na jan taru a kogi wa mai ƙasa tun kafin a haife ni. Da sunan muke tashi, da shi muke kwana. Ban da shi ma kifin yana da wasu sunaye huɗu a bakin Baba: na lokacin da yake ɗan yatsa mai zane, na lokacin da ya yi fari zai gangara teku, na dawowarsa ta farko, da na bayan ya zubar da ƙwai ya rame ya zama abin tausayi. Sau dubu nawa na faɗi sunan nan a bakin ruwa? Baba bai nutse ba. Ko mura ba ya yi, tsohon nan.

Tafiyar wuni ɗaya ce tsakanin gidanmu da nan. Yaya kalma za ta zama tuwo a can ta zama guba a nan?

Laraba, 13 ga Nuwamba, da yamma

Ya fara sambatu. Ba ya gane Inna. Abu ɗaya yake ta maimaitawa: "Sauke ni. Eppie, sauke ni." Inna ta ce mafarkin goyo yake. Ni na san ƙarfe yake nema har yanzu. Na ɗauko takalmin dokin na danƙa masa a hannu, ya sake shi ya faɗi ƙasa.

Duk lokacin da ya buɗe baki sai in kasa kunne, kada ya faɗi sauran.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da la'asar

Na yi abin kunya. Na bar mara lafiya da Inna, na ɗauki kifi banda guda biyu, na hau tudu wurin Malam Geddes na makaranta, wai kai masa na yi. Shi mutumin cikin ƙasa ne kamar ni, dariya yake wa al'adun bakin teku, shi ya sa babu mai gayyatarsa biki.

Na ce, "Malam, jan kifin nan, daga ina sunansa ya fito?"

Ka ce kyautar doki na yi masa. Ya tafa hannu, ya hau kujera, ya sauko da wani littafi mai kaurin dutsen niƙa, ƙura ta tashi ya yi atishawa. Kafin ya sami shafin ya faɗi sunan sau huɗu, da ƙarfi, hankalinsa kwance. Ni kuwa na riƙe ƙarfen sakatar ƙofa gam. Na ce, "Malam, don Allah ka daina faɗa, ka rubuta mini kawai."

Ya kira ni da cikakken sunana, ya ce, "Haba Elspet! Ke ma? Ke da kika fi kowa karatu a ƙauyen nan?"

Na ce, "Mijina na kwance."

Ya ɗauko takarda ya rubuta. Ga takardar na liƙa a nan. Hannunsa ne, ba nawa ba:

"Salmon. Ba kalmarmu ba ce ta asali. Mutanen Faransa da suka ci Ingila da yaƙi su suka zo da ita, su kuma sun gaje ta daga Rumawa, masu cewa salmo. Masana da yawa sun ce ma'anarta mai tsalle, wasu sun ce ba a tabbatar ba. Kafin ta zo, kakanninmu lax suke cewa."

Na karanta sau uku a tsaye. Na ce, "Shi ke nan? Mai tsalle?" Ya ce shi ke nan. Na ce, "To me ya sa ba a faɗa?" Ya ce wannan littafinsa bai sani ba. Zatonsa dai, kifin na masu ƙasa ne tun fil azal, talakan da aka kama da shi sai kurkuku, sai mutane suka koyi rufe baki a kansa, aka daɗe har aka manta dalilin, tsoron kaɗai ya rage. Ya ce, "Amma zato ne, kada ki ce Geddes ya ce."

Na sauko tudu da ɗan ƙarfi a ƙafata. Baƙuwar kalma ce ashe, kamar ni. Teku ya girme ta nesa ba kusa ba. Yaushe teku ya koyi Faransanci da zai ji haushi?

Ina shiga gida na ji tarinsa, duk ƙarfin ya zube.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da safe

Kwana na bakwai. Babu sauyi.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da azahar

Muna wanke tsummokaran ƙunshi ni da Inna, na daure na ce, "Inna, jan kifi me ya yi wa mutane?" Ta tsaya da wanki. Ta miƙa hannu ta taɓa bakin tukunyar ƙarfe, ko da yake ban faɗi komai ba.

Ta ce, "Kifin da aka haifa a kogi, ya ci ya ƙoshi a teku, ya juya wa teku baya ya koma. Teku ba ya son a tuna masa da butulu." Sai ta ga fuskata, ta ce, "Ke ba da ke nake ba, sakarya. Ke ai kin zo kin zauna." Ta ci gaba da murza tsumma, can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wata nawa?"

Na ce uku, ina ji.

Ta ce, "Tun watan jiya na ga kina ture shayi. Ya sani?" Na ce ya sani. Ta ce, "Madalla. Zai ba shi abin riƙewa. Kada ki damu da aiki, ni har wata takwas ina goya ubansa, kin ga abin da na haifa."

Ba ta tambaye ni yaushe na gaya masa ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Zufa! Ya jiƙa zanen gado sharkaf, zafin ya sauka. Ya buɗe ido ya ce, "Wace ce ta sa mini takalmin doki a ƙarƙashin kai? Kun mai da ni alfadari?" Inna ta fashe da kuka, ta dake shi a kafaɗa. Ya sha kunu cokali shida. Na ƙirga.

Mai tsalle. Mai tsalle kawai. Allah ya saka wa Malam Geddes.

Talata, 19 ga Nuwamba, da la'asar

Mai keken kaya ya kawo mini ƙunshi daga Baba, an naɗe da tsumma da takarda an ɗaure tam. Tun kafin in kwance hancina ya gaya mini. Na manta shaf, a watan jiya na rubuta wa Baba cewa kwaɗayin jan kifi ya hana ni sakat. Shi kuma tsohon nan, ko a jikinsa, ya yanko mini gefe guda na wanda ya banda, ya aiko shi cikin ƙauyen masunta da rana tsaka. Da guntuwar takarda: "Ci ki ƙoshi. Uwarki ma haka ta yi da cikinki."

Na tura shi ƙarƙashin mayafi na fita da shi kamar ɓarauniya. Niyyata in binne shi a bayan rumfar banda. Na haƙa ramin ma.

Na ci. A tsugune, da hannu, mai na bin haɓata, ina ci ina kuka. Ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba a rayuwata, Allah ya gafarta mini. Mijina na kwance taku ashirin daga wurin. Sauran na binne, na goge bakina da yashi.

Ina miƙewa sai ga Jinsie da kwandonta. Ta dubi ramin, ta dube ni, ta shaƙi iska. Ta sa hannu a aljihun gaba, na ji ƙarar makulli, ƙarfe take taɓawa.

Ta ce, "Yaya mai jiki?"

Na ce da sauƙi.

Ta ce, "Allah ya ƙara. Kin san ni, 'Yar Kogi, in iska na kaɗawa kunnena ba ya ji sosai. Ranar nan ma iska ake yi." Ta gyara kwandon a bayanta. "Amma da Alick bai dawo ba, da kunnena ya ji garau."

Ta wuce.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da yamma

Zafin ya dawo.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da safe

Ni ce. Ya sami sauƙi, na je na ci, ya koma. Wane littafi ne zai ce mini ba haka ba?

Juma'a, 22 ga Nuwamba, da azahar

Likita ya ce ruwa ya taru a haƙarƙarin, ya zama mugunya. Ya soka allura ya zuƙo abin da ba zan kwatanta ba. Ya ce haka ciwon yake yi wani lokaci, ya yi kamar ya tafi ya dawo. Na ce, "Ko da ba a yi komai ba?" Ya ce, "Komai kamar me?" A bakin ƙofa ya yi magana da Inna ƙasa-ƙasa, ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Na ciro takardar Malam na sake karantawa. Faransa. Rumawa. Mai tsalle. Na gwada tsohon sunan a raina, lax, in ji ko shi ma yana da nauyi. Ba shi da. Da shi na faɗa ranar nan, babu wanda zai gane, Hendry ma sai ya ce me kika ce, mu kai jirgi a bushe. Da baƙin nan sun zauna a ƙasarsu da kalmarsu. Ga ni ina jin haushin mutanen da suka mutu shekara ɗari takwas, don na rasa wanda zan kama.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da la'asar

Mai baƙar riga ya zo ya yi addu'a. Maza suka tsaya a waje da huluna a hannu. Jinsie ta kawo romo ta ajiye, ba ta shigo ba.

Hendry ya rame. Wuyan hannunsa yatsuna biyu suna zagaye shi. Na tuna sunan nan na ƙarshe da Baba yake kiran kifin da shi, na kore shi daga kaina, ya dawo.

Talata, 26 ga Nuwamba, da hantsi

Mako uku. Zan rubuta wannan daidai yadda ya faru, don kada wata rana in ce mafarki na yi.

Inna ta tafi rijiya. Ya farka idonsa garau, ya ce in zo kusa. Na durƙusa a bakin gado, abin da na daɗe ina haɗiya ya fito da kansa. Na ce, "Hendry, ka yafe mini. Ni na jawo maka. Na san ba a faɗa, bakina ne ya suɓuce. Da ban faɗa ba da ba ka nemi ƙarfe ba, da ba mu faɗi ba."

Ya ce, "Wane ƙarfe?"

Na ce, "Na dugaduganka. Ranar nan. Da na kira sunan."

Ya ƙura mini ido, sai ya fara dariya, dariyar ta zama tari, na tallafe shi har ya lafa. Ya ce, "Me kika ce mini ranar? Faɗi duka."

Na ce, "Na ce mako biyu ke nan kwaɗayin jan kifi zai kashe ni."

"Sai kuma me?"

"Na ce ka shirya, kafin rani ka zama uban wani."

Ya ce, "To. Shekara shida muna jira, Eppie. Kika rasa inda za ki gaya mini sai ina ɗare a bayanki kamar buhun gishiri, ruwan ƙanƙara har cinyarki. Hannunki nake ɓamɓarewa daga ƙafata in sauka. Ke kuma kika ƙanƙame ni, ƙarfi kamar doki."

Na ce, "Kowa na goyo da ciki. Inna har wata takwas."

Ya ce, "Inna ta haifi bakwai, biyu suka rayu. Na iya lissafi."

Na ce, "Sunan fa? Ba ka ji ba?"

Ya ce, "Na ji mana. Sai da muka yi nisa na tuna, na taɓa ƙugiyar anga don kada a ce ban yi ba." Ya lumshe ido. "Kin samu kin ci kuwa?"

Na ce na ci.

Ya ce, "Da daɗi?"

Na ce da daɗi.

Ya ce, "Ni ban taɓa ɗanɗanawa ba. Kada ki gaya wa Inna na tambaya."

Sai ya yi barci da hannuna a nasa. Mako uku ina bin kalma har ƙasar Rumawa, ashe mutumin nan sauka kawai yake so ya yi don in huta. Kuma ya yi ta gaya mini, sauke ni, sauke ni, ina cusa masa takalmin doki.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da yamma

Bai farka sosai ba yau. Ruwa cokali biyu.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, da asuba

Hendry ya cika. Inna ta buɗe taga, ta tsayar da agogo, kamar yadda ake yi in an yi rasuwa.

Asabar, 30 ga Nuwamba, da la'asar

Maza sun ɗauke shi sun hau tudu zuwa maƙabarta. Mu mata muka tsaya a ƙofar gida kamar yadda ake yi, muna kallo har suka sha kwana. Su shida suka ɗauka, suna canji. Ni kaɗai nake ɗaukarsa da, har da takalma da kwandon igiya.

Jinsie ta tsaya kusa da ni. Ta riƙe gwiwar hannuna har aka watse. Ban gaya mata abin da ya ce ba. Ban gaya wa Inna ba. In na faɗa, sai Inna ta san ɗanta ya ƙirga 'ya'yanta da suka mutu. Gara su ci gaba da cewa santsi ne, Jinsie kuma ta ci gaba da zaton abin da take zato.

Talata, 10 ga Disamba, da hantsi

Jirage sun fita yau, teku lumui kamar bai taɓa yin komai ba. Alick ya ɗauki wani a gurbin Hendry. Na tsaya daga tudu na ga mata suna shiga ruwa da mazansu a baya, siket a ɗaure a ƙugu, ana ta tsokanar juna. Bayana ya yi mini wani iri, babu nauyi.

Baba ya rubuto in koma gida. Inna ta ji na karanta, ta ce, "Ki yi abin da ya fi miki, 'yata," ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Daga baya na same ta ta fito da ƙaramar rigar ulu daga akwati, ta Hendry ce yana jariri, tana duba inda asu ya ci. Ta ce, "In namiji ne, Alick ya ce gurbin ubansa na nan yana jiransa." Ban amsa ba, amma wasiƙar Baba ma ban amsa ba, kuma na san dalili: a nan zan zauna.

Da na dawo ɗaki na buɗe littafin nan, na dubi takardar Malam. Haruffa shida ne kacal. Baƙuwar kalma, ma'anarta mai tsalle, ba ta kashe kowa ba, daga bakin Hendry na ji. Na ce yau zan rubuta ta da hannuna, manya-manya, a tsakiyar shafi. Me ya rage? Ba ni da kowa a teku.

Na tsoma alƙalami a tawada. Na ɗora shi a kan takarda.

Sai na ji motsi a cikina, karo na farko, ɗan kaɗan, kamar kifi ya juya a ƙarƙashin ruwa.

Ga ɗigon tawadar nan inda alƙalamin ya tsaya. Na ajiye shi, na miƙa hannu na riƙe ƙarfen sakatar ƙofa.